Hoton kamfanin inshora ya nuna min ɗana a kan rufin gidana

Zuwa ga Madam Verna,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kwana tara ke nan abu ɗaya yake cin raina, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa. Ban saba rubuta wasiƙa ba, in kin ga ina ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri.

Shekarata saba'in da uku. Ni kaɗai nake zaune a bayan garin Lake Charles da ke Amurka, a gidan da muka gina da matata Celestine, wadda ta rasu shekara shida da suka wuce. Sana'ata kamun jatan lande, na yi ta har gwiwoyina suka ce sun gaji.

Watan jiya kamfanin inshorar gidana, wanda muke tare shekara ashirin da takwas, ya aiko min da takarda cewa daga ƙarshen Mayu ba zai sabunta min ba. Kin san da shigar Yuni ake fara fargabar guguwa. Wai sun ɗauki hoton gidan daga sama, sun ga tamfol a kan rufi, sun kuma ga "tarkace" a bayan gida. Madam, rufin nan tun Fabrairu aka sake shi, sabo fil. Abin da suke kira tarkace kuwa ƙaramin jirgin ruwa ne da muka haɗa da hannunmu ni da ɗana Armand. Ba wanda ya zo ya ƙwanƙwasa min ƙofa. Sau uku ina buga waya, wata mai zaƙin murya tana ta ce min, "Yallaɓai, abin da na'ura ta nuna ke nan." Na ce mata to na'urar ta zo, in ba ta kofi, in jingina mata tsani. A karo na huɗu na dage sai sun aiko min da hoton.

Ya iso cikin ambulan. Ina duba kwanan watan da ke ƙasansa, sha tara ga Oktoba, na ce na kama su, tsohon hoto ne. A ranar ma ina kwance a asibiti, kwana ɗaya da yi min aikin zuciya. Iska ta yaye gefen rufin ana saura mako guda a kwantar da ni, da na dawo na tarar an rufe wurin da shuɗin tamfol. Maƙwabciyata Odile ta ce mutanen cocinmu ne, har na je na yi wa Fada godiya, yana ta kallona kamar bai gane ba.

Sai na ɗauko gilashin da nake karanta rubutun kwalbar magani da shi. A cikin hoton, a ƙofar gida akwai koriyar a-kori-kura mai farin murfin inji. Ni na ɗaura wannan murfin da kaina, shekarar da Armand ya daki barewa da ita a hanya. A kan rufin kuma ga mutum a durƙushe, ƙafarsa ɗaya a miƙe gefe. Tun da ya karye yana sakandare, Armand ba ya iya lanƙwasa ƙafar hagu. A hoton bai fi ƙwayar shinkafa ba, ko fuska ba a gani, amma ɗana ne.

Rabona da shi tun ranar jana'izar uwarsa. Yana aiki a matatar mai a Houston, na kira shi na ce jikinta ya yi tsanani, ya ce sai ya gama aikin mako. Ta cika kafin ya iso. Bayan an dawo daga maƙabarta, gida cike da mutane ana shan miyar gumbo, ya zo zai zauna kusa da ni, na ce masa, "Uwarka ta kalli ƙofar nan har ta gaji. Je ka zauna can tare da baƙi." Ya ajiye kwanonsa, ya kama hannun matarsa, suka fita. Bai sake kira ba, ni ma ban kira ba. Na ji an haifa masa 'ya mace, ban san ko sunanta ba.

Na tsallaka wurin Odile da hoton a hannu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai dai tsohon nan da taurin kai, sai da jirgin sama ya tona min asiri." Ashe ita ta kira shi. Ya iso da hantsi, ya yi aikin shi kaɗai, ya ƙi cin abincinta, ya sa ta rantse ba za ta faɗa min ba. Ta ce daga baya ya gaya mata cewa daga nan ya wuce asibiti, ya yi kusan awa guda zaune cikin mota, bai shiga ba.

Yanzu hoton yana kan teburin cin abinci, ina kallonsa safe da yamma. Ina jin haushin mutanen da suka leƙa min gida daga sama ba sallama, amma ba don su ba da har in mutu ban sani ba. Ina so in ji muryarsa, Madam, ko da faɗa zai yi min. Odile tana da lambarsa da adireshinsa. Sai dai ina tsoro. Da yana so in sani, ai da ya shigo. Wataƙila ba don ni ya yi ba, don gidan uwarsa ne. Shin in neme shi, ko in bar shi da sirrinsa? Kamfanin kuma in yi ja da su, ko in sa a kwashe jirgin kawai in huta?

Tsoho mai sabon rufi

*

Baba mai sabon rufi,

Sannu da jiki, sannu kuma da ƙoƙarin rubuto wannan. Bari mu fara da mai sauƙin, wato kamfani.

Su ma suna da tasu hujjar. Su za su biya idan guguwa ta ɗauke rufin, kuma abin da hoton ya nuna gaskiya ne a ranar da aka ɗauke shi. Kuskurensu shi ne yanke hukuncin yau da hoton bara. Saboda haka ka daina waya, ka koma rubutu. Ka haɗa takardar wanda ya sake maka rufin da sababbin hotuna masu kwanan wata, ka nuna musu ranar da ke ƙasan nasu hoton, ka nemi su turo mutum ya duba da idonsa. Ka riƙe kwafin komai. Idan suka yi shiru ko suka kafe, ka kai ƙorafi ofishin kula da inshora na jiha. Kuma tun yanzu ka sa dillali ya fara nemo maka wani kamfanin, kada Yuni ya same ka a buɗe. Jirgin kada ka yi gaggawar rabuwa da shi. Tambaye su a rubuce me suke so, ta yiwu ɗaure shi da kyau ko shigar da shi rumfa ya wadatar.

Sai maganar Armand. Tsoronka yana da tushe. Ya zaɓi kada ka sani, kuma yana da 'yancin hakan, domin maganar da ka faɗa masa a gaban jama'a mai nauyi ce. Kai ma ranar kana cikin zafin rashi, kuma da gaske ya makara. Ina jin ya san haka fiye da kowa, shekara shida yana ɗauke da shi. Amma ka lura, rufin gidan uwarsa ba ya asibiti. Wanda ya zauna awa guda cikin mota a can, saboda kai ya zauna.

Shawarata ka rubuta masa da hannunka, kada ka fara da waya. Waya tana tilasta mutum ya amsa nan take, takarda kuwa tana ba shi lokaci. Ka fara shaida wa Odile abin da za ka yi, ka kuma bayyana masa cewa ba ita ta karya alkawari ba. Kada ka buɗe da godiyar tamfol, kada kuma ya ji kamar an kama shi. Ka buɗe da maganar da ka faɗa, ka maimaita ta yadda take, ka ce ka yi kuskure, ba tare da ka liƙa mata "amma" ba. Bayan haka ka faɗi yadda ka gane shi a hoton. Ka tambayi sunan jikarka. Ka tsaya nan.

Ta yiwu ya amsa cikin mako, ta yiwu ya yi wata shida, ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Abin da ke hannunka shi ne kai ne uba, daga bakinka maganar ta fito, daga bakinka ya kamata gyaranta ya fito. Shi ya riga ya yi tafiyar awa biyu da rabi zuwa wurinka. Kai zuwa akwatin gidan waya kawai ya rage maka, kuma mutumin da aka yi wa aikin zuciya ba ya ce wa irin wannan sai wani watan.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare gidanka a wannan damina, ya sa ka ɗauki jikarka da hannunka.

Taka,
Verna