Reshen Tuffa a Jirgin Biyena

Biyena, 2 ga Maris

Ƙanena Gaspar,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwarka ta yi sauƙi. Ni dai ina nan, tsufa na cin rabonsa.

Na ji mutanen da suka sayi gidan Baba za su sare bishiyar tuffa a ƙarshen watan nan. Ka yanko mini rassa biyu kafin ta fara toho, maƙwabcina zai yi musu aure da wadda ke lambuna. Kuma da hannunka za ka kawo. Shekara tara rabona da fuskarka, alhali daga Budapest zuwa nan awa uku ba ta cika a jirgin ƙasa.

Akwai wata Aranka da ke kwaso tsofaffi duk Asabar. Ita ke sayen tikiti, ita ke nuna wa kowa kujerarsa, naka kawai ka bi lemarta mai ruwan ɗorawa. Na ba ta sunanka. Ban da gardama.

Yayarka,
Piroska

Budapest, 7 ga Maris

Yaya Piroska,

Bayan gaisuwa da girmamawa, takardarki ta iso, kuma na karanta ta a zaune, don da a tsaye nake da na faɗi.

Lema, Yaya? Shekara arba'in da ɗaya ina hura usur jirgi ya tashi, yau ni ne zan jera bayan lema kamar ɗan agwagwa? Ki janye sunana, don Allah.

Ba wai ban yi ƙoƙari ba. Na je tasha in kama kujera a jirgi mai sauri, na tarar tagar sayar da tikiti da na sani an toshe ta, an kafa inji a wurin. Na gaishe shi, bai amsa ba. Na dawo gida na ɗauko littafina na lokutan jirage. Akwai mai tafiya a hankali, ƙarfe takwas da kwata, ranar sha takwas ga wata. Zan zauna a taragon ƙarshe, don nan ne wurinmu mu ma'aikata. Daga can kake ganin jirgi gaba ɗayansa idan ya sha kwana. Gaba na baƙi ne.

Ki ɗora miya kawai, ki bar mini sauran.

Ƙanenki mai biyayya,
Gaspar

Biyena, 12 ga Maris

Gaspar,

Ina gaishe ka, ko da yake ba ka cancanta ba. Mai biyayya! Tun kana ɗan shekara biyar ban taɓa ganin biyayyar nan ba.

Littafin nan naka na shekarar da ka yi ritaya ne, shekara goma sha huɗu ke nan. Ka ɗauka jirage sun tsaya cak suna jiranka? Waya ba ka ɗauka, jagora ba ka so, to sai me? Shekarata saba'in da tara, likita ya ƙara mini ƙwayar zuciya. Ban san tuffa nawa suka rage mini in ci ba.

Zan jira ka a tasha. Ka naɗe rassan a jiƙaƙƙen tsumma.

Piroska

Biyena, 18 ga Maris

Gaspar,

Babu gaisuwa yau.

Na tsaya har kowa ya sauka. Sai ga wata yarinya da hular ma'aikatan jirgi tana tambaya, "Wace ce Piroska, yayar Baba Gaspar?" Ta miƙo mini ƙunshi a tsohuwar rigarka. Na ce ina mai rigar? Ta rufe baki da hannu, ta ce, "Inna, wallahi sau biyu na gaya masa."

Na koma gida da itace a hammata. Miyar na rabar wa maƙwabta. Kana raye?

Budapest, 20 ga Maris

Yaya Piroska,

Ina gaisuwa a durƙushe, duk da gwiwar. Ina raye.

Ga yadda aka yi. Taragon ya yi zafi, na ji tsoron rassan su farka su yi toho a hanya. Sai na ba mai duba tikiti ta ajiye mini a ɗakinta mai sanyi can gaba. Haka muke yi tun da, saƙon ma'aikaci hannu da hannu yake tafiya, ba ya ɓata. Ta ce, "Baba, kai ma ka dawo gaba, za a raba jirgin a mararraba." Na ce, "'Yata, ina aikin nan tun uwarki na goye. Ba a taɓa raba jirgin nan ba." Ta dawo ta maimaita, na ba ta alewa.

A mararraba na ji ƙarar ƙugiya an zare ta. Kunnena bai tsufa ba, Yaya, nan take na gane. Na leƙa ta taga, na ga jirgin gaba ɗayansa yana shan kwana, kyakkyawa, yadda na gaya miki. Sai dai ba ni a cikinsa.

Mu an ja mu kudu, zuwa wani gari da ban taɓa hura usur a cikinsa ba. Amma ki duba, ai saƙon ya isa a kan lokaci.

Ƙanenki,
Gaspar

Biyena, 24 ga Maris

Ƙanena,

Na karɓi gaisuwar, ka tashi.

Saƙo ya isa, ka ce. Kai a ganinka itace na yi kewa?

An yi wa reshe ɗaya aure jiya. Ɗayan yana cikin firji, kuma na hana maƙwabcin taɓa shi. Baba kai ya koya wa riƙe wuƙar auren itace, ba shi ba. Maƙwabcin ya ce kwana goma ne iyakar reshen, daga nan sai murhu. Bishiyar gida kuwa ba a jira ƙarshen wata ba, an sare ta, babu wani reshen.

Asabar ɗaya ce tak a cikin kwanakin nan. Ban janye sunanka ba.

Yayarka,
Piroska

Budapest, 26 ga Maris

Yaya,

Na wasa wuƙar Baba. Littafin na sa shi ƙarƙashin ƙafar tebur, dama yana girgiɗi.

Wane launi kika ce lemar?

Gaspar