Ƙorafi Kan Hoton Badamasi da Giwar Tsinken Sakace

Daga: Nana Fatima Sule Gumau,
Ɗaliba a shekara ta huɗu,
Hay el-Sabi', Madinat Nasr, Alƙahira.

Litinin, 28 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga: Malam Ya'ƙub Ɗanladi,
Wakilin Gidauniyar Marigayi Alhaji Ɗantsoho Maigishiri ta Tallafin Ɗalibai,
Ofishin Alƙahira.

GAME DA: DAKATAR DA TALLAFIN KARATUN BADAMASI SULE GUMAU SABODA HOTON DA AKA ƊAUKE SHI A GIDAN ABINCIN MUTANEN TAILAN

Allah ya gafarta Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa da fatan Malam da iyali suna lafiya, na ɗauki alƙalami ne a madadin ƙanena Badamasi, ɗalibin shekara ta uku, wanda ofishinku ya dakatar wa tallafi ranar Laraba, 23 ga Oktoba. Shi ya ƙi rubutawa. Ya ce wanda aka jefa da yi wa gunki sujada ba shi da idon kallon malamai. Ni kuwa a gabana aka yi komai, kuma Allah bai rage ni da baki ba. Ga ƙorafina daki-daki:

1. Ranar Alhamis, 17 ga Oktoba, Badamasi ya karɓi ijazarsa, wato shaidar kammala karatun Alƙur'ani a ƙira'ar Warsh. Don murna, bayan la'asar ya gayyace mu cin abinci a wani ƙaramin gidan abinci da ke bayan kasuwar unguwarmu. Mu huɗu ne: shi da ni, da Khairat abokiyar zamana, sai Harun Gambo, sakataren ɗaliban Gidauniya. Mai wurin dattijo ne ana ce masa Haji Jamal, Musulmi daga kudancin Tailan, wanda ya zo karatu garin nan tun kafin a haife mu, zama ya kama shi. A wurinsa ana cire takalmi a bakin ƙofa, a zauna a kan darduma. An kawo mana miyar tom yam mai tsami da jatan lande, da soyayyar taliya da aka barbaɗa wa dakakkiyar gyaɗa, da shinkafa. Ina so a rubuta cewa Malam Harun faranti biyu ya tashi da su, yana gumi yana santi, kuma ba a ji ya ga wani munkari a wurin ba.

2. Da muka tashi fita, Haji Jamal yana zaune a kan 'yar kujera ta tsuguno kusa da ƙofa, saboda ciwon gwiwa ba ya barin shi doguwar tsayuwa. Da ya ji labarin ijazar sai ya kira Badamasi, ya ɗaga hannu yana yi masa addu'a. Badamasi ya yi abin da duk yaron da ya tashi a gidanmu zai yi: ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, yana amsa amin. A gefen dattijon, kan wani ɗan tebur, akwai giwa ta katako da ba ta kai tulu girma ba. An fafe bayanta, kuma aikinta a duniya shi ne riƙe tsinken sakace.

3. A daidai lokacin Malam Harun ya ɗauki hoto daga inda ginshiƙin ƙofa ya kare dattijon gaba ɗaya. Abin da ya fito shi ne ƙanena ba takalmi, a durƙushe, kai a ƙasa, gaban giwa. Washegari hoton ya shiga zauren WhatsApp na ɗalibai da rubutu a ƙasansa cewa ga inda kuɗin marigayi ke tafiya. Kafin Asabar ya isa gida Najeriya, har hannun iyalan marigayin. Ban san abin da ke zuciyar Harun ba, Allah ne masani, ba zan ɗora masa niyya ba. Abin da na gani da idona shi ne ya miƙa hannu bayan giwar nan ya zari tsinke, yana sakace da shi har muka rabu a bakin titi. Idan gunki ce, to da kayan gunki ya goge haƙoransa.

4. Ofishinku ya yanke hukunci ba tare da an kira Badamasi ba, ba a kuma nemi ni ko Khairat ba, alhali daga ofishin zuwa gidan abincin ko mota ba a hawa. Na zo har sau biyu neman ganin Malam, magatakarda ya sallame ni da ma'alish, wato "yi haƙuri" irin na Misirawa. Tare da tallafin an riƙe takardar shaidar da zai sabunta iƙamarsa da ita, wato izininsa na zama a ƙasar nan, wanda zai ƙare ranar 30 ga Nuwamba. In babu takardar, dole ya tattara ya koma gida, saura masa shekara guda ya gama, kuma da wannan suna a goshinsa. Malam ya san garinmu. Wanda aka dawo da shi daga Masar da sunan shirka, ko limancin zaure ba za a ba shi ba.

5. Na san malamai sun yi magana a kan russunawa wajen gaisuwa, mun karanta saɓanin a aji. Idan Gidauniya tana ganin barin ta ya fi, sai ta tara mu ta karantar da mu, za mu ji mu bi. Amma a lokacin ba Badamasi kaɗai za a kira ba. Ranar Sallah da muka zo gaishe da Malam, duk mazan nan zube suke a ƙasa tun daga bakin ƙofa, Malam Harun ne ma a sahun gaba. Ban faɗi haka don rashin kunya ba, Allah ya kiyaye. Na faɗa ne don a ga cewa durƙuson da aka karɓa a falon Malam shi ne dai aka kai gidan abinci, ba a ƙara masa komai ba sai ginshiƙi.

6. Wannan shi ne ya fi yi mini ciwo. Ranar Juma'a, 25 ga Oktoba, na kai wa Badamasi abinci gidansu, don tun da abin ya faru ba ya ci sai an tsaya a kansa. Ina nan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Haji Jamal ne, labari ya kai masa. Da sandarsa ya hawo benen nan yana haki, hannu ɗaya kwanon miya, giwar kuma a cikin leda. Ya ce marigayiyar matarsa ce ta zo da ita daga ƙasarsu, amma in ita ce za ta raba yaro da karatunsa, a ba shi gatari ya faskara ta a gaban duk wanda ake so. Badamasi ne ya buɗe masa. Na ga gwiwoyinsa sun fara lanƙwasawa kamar yadda suka saba, sai ya tsaya cak. Ya leƙa matakala sama da ƙasa, ko akwai mai riƙe da waya. Sannan ya miƙe sambal ya ba tsohon hannu. Tun da Inna ta haife shi ban taɓa ganin ya gai da mai furfura a tsaye ba. Na shige kicin na yi kukana, don kada baƙo ya gani.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Malam:

(a) A janye dakatarwar, a ba Badamasi takardarsa tun iƙamarsa ba ta ƙare ba.

(b) A zaman kwamitin Gidauniya na ranar Asabar, 2 ga Nuwamba, a saurari Haji Jamal da Khairat. Dattijon ya ce zai zo ko da ɗaukar sa za a yi. Ina roƙon kada a bar shi ya fasa giwar matarsa, ba ta yi wa kowa laifi ba.

(c) A umarci Malam Harun ya koma zauren da ya sa hoton ya faɗi wanda ginshiƙi ya ɓoye, a kuma aika wa iyalan marigayi da bayanin. Ba na neman a kore shi ko a taɓa tallafinsa. Na ga abin da hakan ke yi wa mutum.

(d) Na ƙarshe, Badamasi ya tambaye ni abin da na kasa amsawa, shi ya sa na kawo wa Malam. Ranar Asabar zai shigo gaban Malam da sauran dattawan kwamiti. Ina roƙon a sanar da mu a rubuce kafin ranar, a tsaye ake so ya gaishe ku ko a durƙushe. In a tsaye ne, a yi masa uzuri in ya yi kuskure, don Inna ba ta koya masa wannan ba.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da adalci, ya jiƙan marigayi, ya sa abin da ya bari ya zame masa haske a kabari. Ina neman afuwa in harshena ya zarce.

Taku cikin girmamawa da biyayya,

Nana Fatima Sule Gumau
(a madadin ƙanenta, Badamasi Sule Gumau)