Sun Shafe Zauren Kawu Sale

Zuwa ga Yaya Habu a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya Yaya Rabi da yara? Mu nan Karaye sai godiya.

Idon Kawu Sale ya tafi gaba ɗaya. Ranar Talata ya nace sai na kai shi Rogo ya taɓa zauren da ya yi wa ado, inda ya haɗa zayyanar allo da zanen ƙoran kakarmu, ya manna wuri da fasassun tangaran da madubi a jikin laka. Sai da muka sauka daga akori-kura na ga magadan mai gidan sun shafe shi da siminti.

Ya daɗe yana lalube, tafinsa na zamewa a bango sumul. Can ya ce, "Binta, kin ɓata hanya. Nan ba gidan ba ne."

Na ce, "Haka ne, Kawu, na ɓata."

Yanzu kullum yana tambayata yaushe za mu koma mu nemo gidan.

Ka gaida mutanen gida. Ka sa Kawu a addu'a, ni kuma ka roƙa mini gafara, don gobe ma ƙaryar zan maimaita.

Ƙanwarka,
Binta