Garin Maganin Inna Sahadatou

Zuwa ga Malama Huraira,

Assalamu alaikum. Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri in maganata ta yi tsawo ko ta hau juna. Kwana biyar ke nan kaina bai zauna daidai ba. Abin da na ɗauka magani ne ya tashi cuta, kuma ba ni kaɗai ya taɓa ba.

Ni ƴar Damagaram ce, shekaruna talatin da ɗaya. Na zo Paris karatu shekara bakwai da suka wuce, na sauka a Aubervilliers da ke gefen birnin, wajen ƙanwar mahaifiyata, Inna Sahadatou. Shekara huɗu ina kwana ɗakinta, ina cin tuwonta. Ita ta koya mini shiga metro, jirgin ƙasa na cikin gari, ita ta saya mini rigar sanyi ta farko. Allah bai ba ta haihuwa ba, ko'ina muka je sai ta ce ga ɗiyata. Da na gama karatu na samu aiki a Lyon, a wata ma'aikata da ake gwada ruwan sha.

Tun shekarata ta farko a ƙasar nan, da sanyi ya wuce itatuwa suka fara fure, sai atishawa ta sa ni gaba. Goma, ashirin a jere. Hanci na zuba kamar famfo, idanu jawur, ƙaiƙayi har cikin kunne da ganɗa. Na zaci mura ce, sai likita ya ce alerji ne na ƙurar furanni da iska ke kwasowa. A Paris wata uku nake wahala. A Lyon abin ya ninka, domin akwai wata ciyawa da ake kira ambroisie, ita kuma sai Agusta da Satumba take tashi. Ƙwayar da aka rubuta mini barci take sa ni, har na taɓa yin gyangyaɗi a gaban shugabata ana cikin taron aiki. Kunya ta sa na jefar da ita na koma ga na gargajiya. Na sha zuma, na sha habbatus sauda, na sha citta da lemun tsami, na yi sirace da kanumfari. Wani ya ɗan sassauta mini maƙogwaro, amma atishawar tana nan daram.

Da ƙaramar Sallah ta bana na hau jirgin ƙasa na je Paris wajen Inna. Tana kallona ina ta share hanci, sai ta tashi ta ɗauko wani gari mai launin ƙasa a ƙulle cikin leda, babu suna, babu rubutu. Inna tana ɗan kasuwancinta a gida, atamfa da turaren wuta da kayan miya. Ta ce wani ɗan kasuwa ke kawo mata garin, sassaƙen itatuwa ne da saiwoyi zalla, kuma ita kanta shekara biyu tana sha don ciwon gwiwa. Rabin cokali cikin kunu kowace safiya.

Malama, kwana uku rak hancina ya bushe. Na fita bakin kogin Rhône na zauna cikin ciyawa, ko atishawa ɗaya ban yi ba. Har hawaye na yi don murna. Daga Afrilu zuwa Oktoba ban tsallake rana ko guda ba. Kuma ban yi shiru ba. Ina da ƙawa a nan Lyon, Raliatou, ɗiyarta Latifa mai shekara tara ita ma tana fama da irin wannan alerji. A watan Mayu na ɗebo garin da hannuna na kai mata, na ce ta riƙa ba yarinyar kaɗan kaɗan. Tun daga nan duk sanda Inna ta aiko mini, sai in raba biyu.

Sai jikina ya fara sauyawa. Fuskata ta yi zagaye kamar faifai, cikina ya fito, hannuwa da ƙafafu kuwa suka rame. Wasu jajayen layuka suka fito mini a ciki da cinya. Ko ƙofa na ɗan goga sai wurin ya yi baƙi. Ƙishirwa ba ta barina. In na yi waya da gida ta bidiyo sai mahaifiyata ta yi dariya ta ce Faransa ta karɓe ni. Ni ma haka na ɗauka.

Likitar wajen aiki ce ta auna ni ta tarar jinina ya hau sosai, ta tura ni wajen likitana. Ya sa aka ɗebi jini, aka ga sukari ma ya hau. Ya dube ni ya ce, "Tun yaushe kike shan kortizon?" Na ce ban taɓa sha ba. Ya ce in kawo masa duk abin da nake sawa a baki, ko ganyen shayi ne. Na kai garin ina alfahari, har ina ce masa wannan na gargajiya ne, ba ruwansa. Ya aika aka gwada.

Litinin da ta wuce ya kira ni buronsa ya miƙo mini takarda. An daka ƙwayar kortizon, maganin asibiti mai ƙarfi da ba a sha sai da izinin likita, an gauraya cikin garin, mai yawan gaske. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni da aikina kullum shi ne gwada abin da mutane za su sha, wata bakwai ina haɗiyar abin da ban taɓa tambayar asalinsa ba! Ya ce kada in kuskura in daina kai tsaye, domin jikina ya saba, sai a hankali. Ya karɓe garin, ya rubuta mini ƙwayar da za a riƙa ragewa. Sannan ya ce dole ya sanar da hukuma, ya tambaye ni inda na samo. Na yi masa ƙarya, na ce a wata kasuwa na saya, na manta wurin.

Ina fitowa na kira Inna. Ban gama bayani ba ta hau faɗa. Ta ce, "Ni zan ba ki guba? Ni da na riƙe ki?" Ta ce likitocin nan baƙin ciki suke da maganinmu. Ta ce takardunta na zama suna hannun hukuma ana sabuntawa, in na faɗi sunanta na kashe ta, kuma ba za ta yafe mini ba. Washegari mahaifiyata ta kira tana kuka, ta ce in rufa wa ƙanwarta asiri.

Abin da ya fi ci mini rai, har yanzu ban gaya wa Raliatou ba. Na ɗauki waya ya fi sau ashirin ina ajiyewa. Shekaranjiya ta aiko mini hoton Latifa da kayan makaranta, kumatun yarinyar sun cika tim, ta rubuta a ƙasa wai dubi yadda ɗiyarki ta yi kyau. Na san in na faɗa mata, mijinta ba zai bar maganar ba, kuma sunan Inna zai fito.

Malama, yaya zan yi? In faɗi gaskiya in rasa wadda ta zame mini uwa, ko in yi shiru? Kuma in bazara ta dawo, da me zan tare ta, tunda yanzu ko zuma na gani gabana faɗuwa yake?

Mai Atishawa, daga Lyon


Amsa

Wa alaikumus salam, ƴata.

Sau biyu na karanta wasiƙarki. Sashen farko na amsar nan na riga na aika miki ranar da ta iso, don ba abin jira ba ne. Ina maimaita shi a nan, bayan na sauya sunaye, saboda masu karatu.

Ki kira Raliatou yau. Ba gobe ba. Ki ce mata ta kai Latifa wajen likita a yau ɗin, da ragowar garin da hoton takardar gwajin. Kada ta yanke wa yarinyar shi da kanta, likita ne zai faɗi yadda za a janye. In yarinyar ta fara amai, ko zazzaɓi, ko jikinta ya saki, a kira lambar agajin gaggawa, 15, nan take. Raliatou za ta yi fushi, mijinta ma haka, kuma suna da haƙƙi. Amma fushin wanda aka gaya wa da wuri daban yake da na wanda ya gano an sani aka yi shiru. Kin kai mata garin da zuciya ɗaya, ba ki da laifin abin da ba ki sani ba. Daga ranar Litinin kuwa kin sani, kuma kowace safiya ana ƙara wa yarinyar cokali.

Sai maganar Inna. Ban ɗauke ta azzaluma ba. Wadda ta san akwai cuta a cikin abu ba za ta yi shekara biyu tana zuba shi a kununta ba. Ita ma an cuce ta, watakila fiye da ke. Faɗan da ta yi miki tsoro ne, tsoron hukuma da tsoron a ce da hannunta ta cutar da ɗiyarta. Wannan ba maganar waya ba ce. Tsakanin Lyon da Paris awa biyu ne a jirgi. Ki je, ki durƙusa ki gaishe ta yadda kika saba, ki karanta mata takardar da Hausa. Ki nuna mata hannuwanki, ki ce ta dubi nata. Ki tambaye ta ko ƙishirwa na damunta, ko idonta ya rage gani. Kada ki baro Aubervilliers sai kin raka ta wajen likita, domin in tsoro ya sa ta zubar da garin ta daina sha rana ɗaya, ranta na cikin haɗari. Ku zauna tare ku tuna duk wanda ya taɓa karɓa a hannunta, a kira su ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyarki kuma ki faɗa mata haka: kina neman ceton ran ƙanwarta ne. Uwa za ta gane.

Ki koma wajen likitanki ki gyara maganar da kika yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Wanda ake nema shi ne mai daka ƙwayar yana rarrabawa, kuma ba Inna kaɗai yake kai wa ba. Ni ba lauya ba ce, ba zan yi miki alkawarin babu wanda zai yi mata tambaya ba. Ku nemi wuraren da ake ba da shawarar shari'a kyauta, ku je tare, ta ji matsayinta daga bakin masani. Abin da na sani shi ne, wanda ya fito da kansa ya ce an yaudare ni ya fi wanda aka biyo sawu aka tarar.

Game da bazara, kada wannan ya sa ki tsani duk abin gargajiya. Zuma da citta abinci ne masu kyau, suna sanyaya maƙogwaro, sai dai ban san wata tabbatacciyar hujja da ta nuna suna kawar da alerji ba. Abin da ya fi amfani ba shi da wani armashi. Ki riƙa wanke hanci safe da yamma da ruwan gishirin da ake sayarwa a farmasi. In kin dawo daga waje ki sauya tufafi, ki wanke fuska, ki ɗauraye gashi ko ki sauya ɗankwali kafin ki kwanta. Kada ki shanya wanki a waje lokacin fure. Ki buɗe taga da sassafe ko bayan ruwan sama, ki rufe da rana in ana iska. Tabarau na kare ido, ɗan man shafawa a bakin hanci yana tare ƙura. Ki yi hattara da shayin camomille, danginsu ɗaya da ambroisie, yana tayar wa wasu da ciwon.

Sannan ki nemi likitan alerji tun cikin sanyin nan. Ki gaya masa ƙwayar farko barci ta sa ki, akwai wasu irin da ba su cika sawa ba. Ki tambaye shi maganin da ake ba jiki kaɗan kaɗan na ƴan shekaru har ya saba da ƙurar. In wata rana ya rubuta miki na fesawa a hanci kika ga sunan kortizon, kada ki firgita, ki tuna masa abin da ya same ki, shi zai auna. Ga masu karatu kuma, duk garin da ba shi da suna, ba a san mai haɗa shi ba, ya kuma ɗauke ciwon shekaru cikin kwana uku, a kai shi a gwada kafin a gode masa.

Watakila Inna ta yi wata da watanni ba ta ɗaga wayarki ba. Ki jure, ki ci gaba da gaishe ta ko ba ta amsa ba. Gara ta yi fushi da ke tana raye da lafiyarta.

Allah ya ba ki lafiya, ya ba Latifa da Inna, ya sanyaya zukatanku, ya sa ki ga bazara mai zuwa da idanu garau.

Malama Huraira