Jaridun da Hannah Ta Yanka

Litinin, 5 ga Yuni, 1972

Karɓo mabuɗin shagon matata Hannah wajen Alhassan, mai ba mu haya.

Na karɓo. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata, ko mu ci gaba da riƙe shagon, ko mu kwashe ya ba wani. Yana maganar yana kallon ƙasa. "Malam Irimiya, ba korar ku nake ba." Na sani. Wata huɗu da rasuwarta, ya ma yi haƙuri. Na ce kwashewa za mu yi. Munzali tela yana son keken ɗinkin. 'Yata Phoebe kuma Kaduna za ta, wajen ƙanena Philip, ta koyi buga tafireta. Na gama tsara wannan tuni. Ita ce ban gaya wa ba.

Talata, 6 ga Yuni

Da na tashi daga aiki a tashar jirgi na biya unguwar Limawa na buɗe shagon. Warin man keke da danshi. Bango cike da takardun awo a kan ƙusoshi. Hannah ba ta rubuta awon kowa. Tsohuwar jarida take shimfiɗawa ta yanka daidai jikin mace, gaba da baya da hannu da wuya, ta ɗaure da ƙyallen atamfar da ta ɗinka mata. Da ƙyallen take gane mai su.

Na fito da su zan ƙona, ruwa ya sauko. Na mayar.

A gida ina da nawa jaridun, tun na shekarar da aka haifi Phoebe, ɗaure shekara-shekara a saman kabad. Almakashi bai taɓa kusantar su ba. Nata wajen matar fasto take samowa, da wajen masu tsire.

Alhamis, 8 ga Yuni

Ruwa kuma. Ina zaune ina jira ya ɗauke, na jawo wani hannun riga. Kwanan watan bai yanke ba, 1958. Wani dattijo ya rubuto wa edita yana kukan samarin zamani da wandonsu tsuke, wai ba sa iya durƙusawa su gaida manya, tsoro suke kada ya yage. Na yi dariya ni kaɗai har na ji kunya.

Tabbas ina da wannan fitowar a gida. Ban taɓa ganin wasiƙar ba. Ni shafin farko nake karantawa, majalisa da zaɓe da wa ya ce me, sai in ninke in ajiye.

Asabar, 10 ga Yuni

Na gaya wa Phoebe. Ta ce: "Baba, wa zai ɗinka wa Inna Bintu kayan sunan jikanta?" Na ce teloli sun cika gari. Ta ce ba su san kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka ba. Na ce ba don ki zauna kina taka keke kika yi sakandare ba. Muryata ta fi yadda na so ƙarfi.

Ba ta ci tuwo ba. Ni ma kaɗan.

Lahadi, 11 ga Yuni

Coci. Barci. Ciwon ƙafata ta hagu.

Laraba, 14 ga Yuni

Na fara jera su bisa shekara. Ban san amfanin jera abin da za a ƙone ba, amma hannuna ba ya iya barin takarda a hargitse, aikin akawu ya lalata ni.

Abin da na tsinta yau. Cigiyar jaki mai yankakken kunne. Tallan maganin ƙarfi da hoton wani ƙato mai tumbi, wai alamar ya samu duniya. Muhawara kan ko ya dace mace ta hau keke, wani malami ya ce idan da lalura, kuma a bayan gari. Allurar garmaho. Wata mata tana tambaya yadda za a hana rufin kwano zafi, don mijinta ya cire ciyawa ya sa kwano saboda a gani, yanzu kowa a waje yake kwana.

Sai kuma ƙwallo, 1960, 'yan reluwe sun ci malamai. Ina wurin! An yaba mai tsaron gida, amma ramin hammata ya cinye rabin sunansa, "Ndace" kawai ya rage. Ndaceko ne, mai gadin ƙofar kaya a tasharmu, wanda yanzu sai ya dafa bango yake miƙewa. Kullum muna gaisawa. Na manta sam ya taɓa tsalle.

Asabar, 17 ga Yuni

Bintu mai doya da Rose ta asibiti sun zo, sun ji za a ƙona. Phoebe tana shara, ba ta kalle ni ba.

Bintu ta gane nata da ƙyalle, ɗauri uku, 1957 da 1963 da 1969, kowanne ya fi na baya faɗi. Rose ta ɗaga su sama. "Ke Bintu, ta farko shafi ɗaya ta ishe ki. Ta ƙarshe sai da aka liƙa jarida biyu!" Bintu ta ce ai doyar da kike ci bashi ce ta zauna mini a nan. Sai ta miƙo mini na tsakiya: "Baban Phoebe, karanta mini abin da aka rubuta a bayana."

Tallan kwanukan tasa ne masu fure. Ta tafa hannu. Wai shekarar ce kowa ya watsar da ƙwarya, amarya ba ta shiga ɗaki sai da jerin kwanuka har rufi, uwar Bintu kuwa har ta mutu ba ta sha ruwa a ciki ba, ta ce ɗanɗanon ƙarfe yake. Rose ta ce su a ƙauyensu Beji sai da aka shekara ana ajiye kwanukan don baƙi kawai. Daga nan suka shiga wace ta fara sa takalmi mai tsini, wace ta faɗi da shi a gaban coci. Har la'asar. Ni ina karantawa suna cikawa, don jaridar rabin zance take bayarwa.

Da za su tafi Bintu ta ce, "Kada ka ƙona ni da raina." Wasa take. Ina jin wasa take.

Talata, 20 ga Yuni

Wani ɗauri ba mai zuwa nema. Phoebe ta ce na Maman Ngozi ne, matar direban jirgi, da suka tafi a 1966 ba su dawo ba. Gefe ɗaya na takardar labarin da duk muka sani. Na juya: tallan man gashi, da sanarwar rawa ran Asabar, a zo da shiga mai kyau. Takarda ɗaya.

Na mayar da shi ƙusarsa.

Asabar, 24 ga Yuni

Munzali ya zo gwada keke. Ya taka, ya ce lafiya lau, ya kawo amalanke gobe? Na ce ya bari sai wani satin. Ban san dalilin da na faɗi haka ba. Ga wasiƙar Philip, an riƙe wa Phoebe wuri.

A bayan ƙofa na sami awon Phoebe. Igiya ɗaya, daga ƙarami zuwa babba. Na farkon bai wuce tafin hannuna ba, a jikinsa rabin tallan madarar gwangwani. Na ƙarshen na Janairun bana ne.

Na gaji. Tun da aka koma tuƙin dama ko titi ban iya ƙetarawa ba sai na tsaya kamar baƙo.

Talata, 27 ga Yuni

Na tarar da shagon a buɗe. Phoebe a durƙushe tana yanka sabon awon Bintu a takardar buhun siminti, don babu sauran jarida mai kyau. Takardar tana turjewa, tana yagewa a kwana. Ta ciji leɓe ta sake. Na daɗe a bakin ƙofa kafin ta gan ni.

Ta ce, "Baba, zan je Kadunan. Amma sai na gama wannan, Mama ta amsa mata."

Ta sauke kafaɗar hagu kaɗan ba tare da ta auna ba.

Na ce, "Siminti yana dakushe almakashi." Abin da na iya faɗi ke nan. Mutum mai shekara arba'in da uku.

Alhamis, 29 ga Yuni

Na sauko da nawa daga saman kabad, don duba gara kawai. Ta ɗan taɓa na ƙasa. Na kwance 1961. Shafukan ciki fes, wasu ma ba a taɓa buɗe su ba, sai da na sa wuƙa. Na karanta har abinci ya huce. Manyan da ke shafin farko yawancinsu ba su. A ciki kuwa ana ta neman jaki, ana faɗa kan wando.

Takardar tana da faɗi, ba ta karyewa a ninki. Idan aka bar ta a nan gara ce za ta ci, ba wani abu ba. Ban canza ra'ayi kan tafireta ba. Kaduna ba za ta gudu ba dai.

Gobe:
Alhassan, da safe kafin tasha. Wata uku tukuna. Ko shida.
Munzali, a ba shi haƙuri.
Amsar Philip. Ban san me zan rubuta ba.
Nuna wa Ndaceko rabin sunansa.
Man keke, da mai wasa almakashi.
Ɗaurin 1961 zuwa shago. A ce wa Phoebe ta bari in gama shafukan ciki kafin ta yanka.