Kinuwar da Ban Wanke Ba

Litinin, 4 ga Agusta, 2025

Mun dawo daga asibiti. Likita ya ce jinin Baba ya hau, maiƙo ya yi yawa a jijiyoyinsa, zuciyar tana aiki da ƙyar. A rage gishiri da mai, a bar kitse. Shekararsa saba'in da huɗu bai taɓa kwana a asibiti ba, yau kuwa daga bakin titi zuwa ƙofar gida sai da ya tsaya sau uku yana haki.

Abincinsa ya dawo hannuna. An yi hutu, kullum zan taho gidansa a Sheshe daga gidana a Gwammaja. Shekara goma sha ɗaya ina koya wa 'yan matan sakandare darasin abinci, ba zan zuba ido Gwaggo Mero tana malala masa man shanu a tuwo ba. Ƙanwarsa ce, ita ke dafa masa tun rasuwar Umma. Ban san yadda zan gaya mata ba.

Laraba, 6 ga Agusta

Na gaya mata. Ta ce, "To, Bahijja," ta miƙo mini ludayi. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 9 ga Agusta

Saƙon ƙanena Umair ya iso daga Ingila, leda shida na kinuwa. Ƙananan ƙwayoyi ne masu kama da acca, sai dai sun fi ta girma. Na karanta cewa tana iya taimaka wa tsofaffi wajen rage maiƙon jini, shi ya sa na sa ya aiko.

Gwaggo ta ɗebi kaɗan a tafin hannu ta shinshina. Wai accar Turawa ce, in kawo ta rege mini ita a ƙwarya. Na ce, "Gwaggo, wannan ba ta kasuwa ba ce, a rufe ta zo. Wankewa ma zubar da amfaninta zai yi." A gaban Husaina maƙwabciya na faɗa, har da 'yar dariya. Ban san inda na samo maganar ba, ni dai na faɗe ta kamar ina gaban allo.

Na dafa ba gishiri, da alayyafo da ɗan kifi. Baba ya ci, ya ce a gaya wa Malama an gode.

Alhamis, 14 ga Agusta

Malama. Haka yake kirana tun ina firamare, ni 'yar fari, bai taɓa kama sunana ba. Ko ina tsaye a gabansa, Gwaggo yake yi wa magana. A da ina jin daɗin abin.

Kwanon yana dawowa da saura. Na ce sabo ne bai yi ba tukuna.

Talata, 19 ga Agusta

Na kama Gwaggo ta ɓoye gurasa a cikin mayafi za ta kai masa zaure. Na karɓe. Na ce in tana so ta kashe yayanta ta faɗa kowa ya ji. Ta dube ni, ta shige ɗaki.

Matar da ta goya ni lokacin da Umma ke jinyar Umair. Na rubuta ne don kada gobe in ce ban faɗa ba.

Juma'a, 22 ga Agusta

Baba bai je masallaci ba. Wai jiri.

Litinin, 25 ga Agusta

Asibiti. Sun ɗora shi a sikeli, ya zube kilo uku cikin sati uku. Likita ya tambayi me yake ci, na zayyana masa da alfahari. Ya ce kinuwa abinci ce mai kyau, tana iya taimakawa kaɗan, amma ba magani ba ce, kuma wake da dawa da acca ma suna da nasu amfanin in an rage mai da gishiri. Sannan ya ce tsohon da ke shan maganin hawan jini ba ya cin abin kirki, faɗuwa zai yi wata rana. Ya juya ya tambayi Baba, "Malam Abdulbaqi, abincin ne ba ya shiga?"

Baba ya dubi ƙasa. Ya ce, "Yana shiga, likita. Ai magani dama ba a yi shi don daɗi ba."

Ban gane ba a lokacin. A Adaidaita Sahu ma ina ta yi masa nasiha a kan cinye kwano.

Talata, 26 ga Agusta

Yau na ɗanɗana.

Ba ma da niyya ba. Cokali ya faɗi a tukunya, na ciro, na lashe yatsa. Ɗaci. Ba irin na shuwaka da ke wucewa ba, wani ɗaci ne mai kamar sabulu da ke maƙalewa a maƙogwaro. Na tofar a bakin rariya, na ɗauko ledar na juya bayanta. Ga shi nan a rubuce da ƙananan baƙaƙe: a wanke sosai kafin a dafa. Na duba waya, ashe ƙwayar tana da wani abu mai ɗaci a jikinta da ruwa ke fitarwa.

Kwana goma sha takwas, rana da yamma. Ban taɓa kai cokali ɗaya bakina ba, don a raina abincin mara lafiya ne, ni kuma in na koma gida shinkafa da miya nake ci. Ɗalibar da ta kawo mini girkin da ba ta ɗanɗana ba, sifiri nake ba ta.

Na zauna a kan turmi na yi kuka. Kunya ce ta fi yawa, ba tausayi ba, wannan ma abin kunya ne.

Laraba, 27 ga Agusta

Ban je ba. Na aika cewa kaina ke ciwo. Ƙarya.

Alhamis, 28 ga Agusta

Na sami Gwaggo a ɗakinta tana tsinke zogale. Na durƙusa. Da ƙyar na ce, "Gwaggo, kin san da ɗaci?"

Ta ce tun ranar farko ta sani, ta ɗanɗani saura. Ta gaya wa Baba, ya hana ta faɗa mini. Wai yarinya ta bar gidanta tana ɗawainiya, ƙaninta ya aiko daga nesa, ba za a kunyata su ba. Wai in ɗacin ne maganin zai daure.

Na ce ta yafe mini maganar gurasa. Ta ce, "Tashi, ƙafarki za ta yi tsami. Ɗauko ƙwarya."

Ruwa huɗu ta canza tana murza kinuwar da hannu. Na farko kumfa ya taso fari fat kamar an yi wanki. Ban ɗago kai ba.

Asabar, 30 ga Agusta

Gwaggo ta yi faten kinuwa, da yakuwa da wake da daddawa, gishiri ɗan taɓawa, mai cokali ɗaya. Ni na tsaya a kan gishirin da man, ta yarda ba gardama. Sauran duk nata ne. Na ci kafin a kai masa, har na ƙara.

Kwanon ya dawo a suɗe.

Talata, 2 ga Satumba

Ya taka har masallacin unguwa ya dawo, sau ɗaya ya tsaya a hanya. Ba na cewa kinuwa ce. Mutum ne ya ci ya ƙoshi kwana huɗu, ya sha maganinsa. Sai ranar ashirin da biyu ga wata za a sake gwada jinin, ina jin tsoro har yanzu.

Da azahar ya ci dambun da aka yi da kinuwar, ya tambayi Gwaggo wa ya dafa. Ina bakin ƙofa da buta a hannu. Ta ce, "Malama ce mana, wa kuma?"

Na so in yi shiru, Allah ya sani na so. Sai na ji bakina yana cewa, "Gwaggo ce ta dafa, Baba. Ni wankewa kawai na yi."

Bai dube ni ba. Ya ce wa Gwaggo, "Ta wanku kuwa."

Mako mai zuwa za a koma makaranta. Na ce wa Gwaggo zan riƙa biyowa bayan an tashi, in akwai abin da za ta sa ni.