Gonar da Ka Ba Jugurta

Zuwa ga Baba, Malam Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa uba, ina fatan kana cikin rahamar Allah. Daga Filingue nake rubuto maka. Ruwa ya sauka, mutane sun gama shuka, ni kuwa har jiya irina yana cikin buhu.

Ka tuna lokacin da ka ɗauko ni bayan rasuwar ƙanenka, mahaifina? Ka haɗa ni da 'ya'yanka, Lawali da Sani, tabarma ɗaya, kwano ɗaya, makarantar lakkwal ɗaya. Bulala ma ba ka taɓa rage mini ba wai don ni maraya ne.

Kai malamin tarihi ne, ko a gida ba ka barin mu mu huta. Kakan ba mu labarin Jugurta, wani sarkin Numidiya, can wajen da Aljeriya take yau. Ka ce maraya ne, baffansa sarki ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya tashi gwanin doki, ya hana Rumawa barci shekara da shekaru. Ranar da godiyarka mai harbi ta yar da ni cikin ƙaya, na tashi na sake hawa, ka yi dariya har da hawaye, ka ce, "Wanga yaro Jugurta na!" Shi ke nan suna ya bi ni. Ina taƙama da shi har a kasuwa.

Ashe rabin labari ka ba mu, Baba.

Bayan sadakar arba'in ɗinka Lawali ya zaro waya, ya karanta sauran a gaban dangi. Sarkin nan ya sa marayan cikin magadansa tare da 'ya'yansa biyu. Da ya rasu, Jugurta ya kashe su duka, ya haɗe ƙasar. Daga baya surukinsa ya miƙa shi ga Rumawa, ya mutu a kurkukunsu. Lawali ya ajiye waya ya ce, "Baba ya san abin da yaka hwaɗi. Mu dai ba mu jira a yanka mu."

Duk a kan gonar bakin fadama ne, wadda ka ba ni da zan yi aure, ka dasa gamba da hannunka ka raba iyaka. Na san ba ni da gado a gidanka, ban kuma nema ba. Wannan kyauta ce, su kuwa sun ce cikin gadonsu take. Amma kai da ka ƙare rayuwarka da alli a hannu, takarda ɗaya ta gagare ka. Da na yi maka zancen sai ka kore ni, ka ce, "Tsakanin ɗiya babu takarda." To, ga ɗiyan nan naka.

Maigari ya ce gonar da ake rikici a kanta ba mai shuka ta sai an yanke hukunci. Lawali kuwa ya koma Yamai, ya ce ba shi da lokaci sai bayan damina. Shi albashi ke ci da shi. Sani, wanda muke noma kafaɗa da kafaɗa, yanzu in ya hango ni sai ya canza hanya, ya hana yaransa shiga gidana.

Na yi fushi da kai, Baba, ba zan ɓoye ba. Ka san ƙarshen labarin sarai, kai kake koyar da shi. Me ka gani a jikina da ka zaɓa mini wannan suna? Doki kawai ka tuna, ko tun lokacin kana tsorona? Wannan tambaya ta fi yunwa damuna, kuma mai amsar ya tafi.

Matata ta ce in tsaya, tsofaffi biyu da suka ga dashen gamba suna raye, za su shaida. Gaskiya gare ta, yara ba su cin zumunci su ƙoshi. Na san in na kai ƙara zan ci. Na kuma san daga ranar duk garin nan za a ce maraya ya cinye 'ya'yan mai gida, kamar yadda aka karanta.

Jiya na je gonar bayan ruwa. Ƙasa ta jiƙa sharkaf, ciyawa ta fara cin wuri, kwanakin shuka suna wucewa. Ban iya kallo ba. Na wuce wurin maigari na ce na janye. Da safen nan Sani ya shiga gonar da sungumi, na aika masa da buhun irina. Ya karɓa, bai aiko da ko sannu ba.

Ban san ko daidai na yi ba. Ban san abin da zan zuba a rumbu bana ba. Ka yafe mini, Baba, na mayar da kyautarka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa gonar ta yi albarka ko a hannun wa take, Ya kuma ba ni abin da zan gaya wa yarana in kaka ta yi.

Ɗanka,
Idi